Askin da Ostoja Ya Hana Ni

Da hantsin ranar Talata, goma sha ɗaya ga watan Fabrairu, Allah ya yi wa Ostoja Perunovic, wanzamin garinmu Lesnik, rasuwa a cikin shagonsa da ke bakin tsohuwar kasuwa. Ya ɗora ruwa a wuta, ya zauna kan kujerar da ya saba zaunar da mutane, sai matarsa Zorka ta shigo masa da gahawa ta tarar ya sunkuyar da kai kamar mai gyangyaɗi. Ruwan ya tafasa har ya ƙafe. Shekarunsa sittin da takwas. Zuciya ce ta tsaya, kuma ba wanda ya yi mamaki, domin sunansa ya daɗe a layin masu jiran a yi musu aikin zuciya a asibitin lardi.

Ni ma sunana yana cikin wannan layin. Nan ba da daɗewa ba zan tsaya gaban kwamitin likitocin da zai yanke ko a yi mini aikin a bana, ko a ce in koma gida in ci gaba da jira. Na faɗi wannan tun da fari don mai karatu ya san cewa ba baƙin cikin rashi kaɗai ke riƙe da alƙalamin nan ba. Akwai tsoro a ciki, kuma ba zan ɓoye shi ba.

Ostoja, ni ne Miladin, wanda ka laƙaba wa Sarkin Tasha tun ina shugaban tashar jirgin ƙasa, ka kuma ƙi sauke mini sarautar har bayan da aka rufe tashar, ciyawa ta cinye dogo. Fiye da shekara arba'in ina miƙa maka wuyana kowace Asabar. Ban taɓa tashi daga kujerar nan ba tare da ka zagi kunnuwana ba. Ka ce da an kafa su a bakin dogo da ba a buƙaci tuta ba. Ni kuma in ce hannunka ya fara rawa, wata rana za ka yanka ni ka ce tsautsayi ne. Haka muka tsufa, kana zagina ina biyanka.

Alherinka ba a baki yake ba, shi ya sa mutane da yawa sai yanzu suke lissafa shi. Shekarar da aka rufe masana'antar katako, rabin mazan garin nan suka wayi gari ba aiki, duk wanda zai fita neman aiki shagonka yake fara biyowa, ka gyara masa fuska, ya kai hannu aljihu ka dalla masa harara. Tsofaffin da suka kwanta ba sa iya fita, kai kake bin su gida a kan tsohon kekenka, da jakar askarka ɗaure a baya, ko dusar ƙanƙara ta kai gwiwa. Kai ne kuma mai yi wa matattunmu askin ƙarshe kafin a sa su a akwati, ba ka taɓa cewa ka gaji ba. Ranar da mahaifina ya rasu na tsaya a bakin ƙofa na ji kana yi masa magana ƙasa-ƙasa, kana cewa, "Ɗan ɗaga haɓarka, Baba, yau baƙi za ka yi da yawa." Na juya na fita tsakar gida, don ban so ka ga abin da fuskata ta yi.

Amma alherin da aka fi saninka da shi shi ne shirya mutum zuwa asibiti. Mu mutanen Lesnik ba ma zuwa gaban likita yadda ciwo ya bar mu. Mahaifiyata sai ta goge daɓe ta canja zanen gado kafin ta yarda a kira mata likita, ko da numfashinta na fita da ƙyar. Mutum zai karye a ƙafa, abin da zai fara nema shi ne safa mai tsabta. Ciwo abin cikin gida ne, ba a fita da shi titi, balle a kai shi gaban wanda ya yi karatu. Kai ne mai tsaron wannan mutunci namu. Duk wanda zai ga likita kyauta kake yi masa aski, ka lulluɓe masa fuska da tawul mai zafi, ka zuba turare a tafi ka mammare masa kumatu har jini ya taso su yi ja. In talaka ne ba shi da rigar kirki, sai ka sauko masa da kwat ɗin nan taka mai duhun shuɗi da ke rataye a ƙusa bayan ƙofa, wadda ka ɗinka don auren babbar 'yarka. Telan ya cika kafaɗunta da auduga, ko wa ya sa ta sai ya zama mai ƙirji. Babu wanda ya san yawan mazan da suka shiga asibitin lardi a cikinta.

Da bazarar bara gwamnati ta ce ta gaji da jin kukan masu jiran aiki a asibitoci. Wani mutum ya fito a talabijin da sanda a hannu yana nuna zane, ya yi alkawarin za a rage layin da rabi kafin shekara ta ƙare. Zan faɗi gaskiya, sun yi wani abu. An ƙaro likitocin fiɗa, an fara aiki har ranar Asabar, wata maƙwabciyarmu da ta yi shekaru tana lalube an cire mata yanar ido ta koma ɗinkinta. Sai kuma aka kafa kwamiti da zai sake duba duk wanda ke layin aikin zuciya, a kasa mu kashi uku: na gaggawa, na tsakiya, da waɗanda za su iya jira. Abin da ba mu fahimta ba a lokacin shi ne, 'yan kashi na uku ba a ƙara ƙirga su cikin masu jira. An ce ana sa musu ido ne daga gida.

Ba wanda ya kai ka murna. "Ka gani, Sarkin Tasha," ka ce da ni, "ashe an san muna raye." Shagonka ya koma kamar jajibirin biki. Duk wanda aka kira ta waya aka ba shi rana, wurinka yake tahowa, kuma ba aski kaɗai kake yi masa ba, har da darasi. Ɗakin kwamitin yana hawa na uku. Sai ka ce wa mutum ya hau a hankali, in ya kai kwanar ƙarshe ta matakala ya tsaya, ya sa ƙwayar maganinsa ƙarƙashin harshe, ya share gumi, ya jira numfashinsa ya dawo, ya miƙa wa matarsa sandar dogarawa, sa'an nan ya ƙwanƙwasa ƙofa. "Kada ka shiga kana haki kamar tsohon doki," kake cewa, "su ce haka mutanen Lesnik suke." Mu da ke zaune kan benci muna gyaɗa kai, don a ganinmu babu shawarar da ta fi wannan hankali.

Ina tuna ranar Vukota, mai saran itace daga ƙauyen kan dutse. Da ƙyar matarsa ta shigo da shi, leɓunansa sun yi shuɗi, ƙafafunsa sun kumbura sun cika takalmi. Ka yi aiki a kansa kamar mai gyaran ango. Da ka juyo da kujerar, ga shi cikin kwat, kumatu jajir, matar ta rufe baki tana dariya ta ce, "Wanzami, wannan ai ba wanda na kawo maka ba ne, wanda na aura ne." Da la'asar suka sauka daga motar lardi, Vukota yana tafe yana ɗaga takarda. An sa shi kashi na uku. Likita ta ce da saura. Kai da kanka ka ciro kwalbar barasar gida daga bayan madubi, aka sha don lafiyarsa, ni ma na sha.

Taka ranar ta zo a watan Oktoba. Ka yi wa kanka askin da ba ka taɓa yi wa kowa ba, ka sa kwat ɗin a jikin mai ita, ka tafi. Kai ka ba mu labarin da bakinka washegari, kana kwaikwayon muryoyi. Likitar yarinya ce sa'ar 'ya'yanka, idanunta sun yi ja don gajiya, fayil-fayil sun kai mata haɓa, ga mutane cike da baranda suna jira. Hoton zuciyarka da ke gabanta tsoho ne, domin na'urar ɗaukar hoton ita ma da nata layin. Dole ta dogara da abin da ta gani da abin da ka gaya mata.

Ta ce, "Baba, har yanzu kana aiki?"

Ka ce, "Kullum, 'yata. A tsaye nake wuni."

"Hawan bene fa?"

"To, ai ga ni. Ba ɗauko ni aka yi ba."

"Kana iya kwanciya ka miƙe ka yi barci?"

"Kamar jariri."

Muka yi ta dariya. Zorka ce kaɗai da ta shigo da gahawa ba ta yi ba. Daga baya ta gaya wa matata Kosara cewa ka fi shekara a zaune kake barci, da matasai uku a bayanka, don in ka miƙe numfashi ɗaukewa yake. Ban ga laifin yarinyar nan ba, kuma ba zan bari a zage ta a gabana ba. Ta ga dattijo tsaf, ƙamshi na tashi, ya hau bene uku ba haki, ya ce lafiyarsa lau. Ta rubuta kashi na uku.

Vukota ya rasu ranar da dusar ƙanƙara ta fara sauka. Aka aiko maka, ka ɗaure jakarka a keke ka hau dutsen. Da ka dawo ba ka buɗe shago ba sai washegari. Ba a jima ba sai Tihomir mai gidan burodi ya faɗi a gaban tandarsa. Bayan sabuwar shekara kuma ƙanen mai kula da ƙararrawar coci ya kwanta bai tashi ba. Mu dai cewa muke sanyin bana ya yi tsanani, kuma tsofaffi ai da sanyi suke tafiya. A talabijin mutumin nan mai sanda ya sake fitowa, zanen nasa ya gangaro ƙasa kamar yadda ya yi alkawari.

Wata Asabar, ka shafa mini kumfa, ka ɗauki aska, sai ka tsaya. Shagon ba kowa sai mu biyu. Ka ce, "Miladin." Na buɗe ido, don rabon da ka kira ni da sunana tun muna samari. Ka ce, "Fuskokin nan sun fara dawo mini. Wanda na aske don kwamiti da kaka, shi nake askewa don akwati da sanyi. Hannuna yake fara gane su kafin idona. Vukota akwai wani tabo ƙarƙashin haɓarsa, sau biyu na kauce masa cikin wata uku." Na ce ajali ne, kowa da ranarsa. Ka ce, "Na sani. Amma ni na yi musu kwalliyar da ta sa aka ce su jira ta a gida." Ka gama askin, karo na farko ba ka zagi kunnuwana ba.

A cikin makon da ka faɗi haka ka sauke kwat ɗin daga ƙusa ka kai ta gida. Ka kuma daina yi wa masu zuwa kwamiti aski. Duk wanda ya zo ya ce ranarsa ta matso, sai ka ajiye aska ka ce ya tafi yadda yake, da ƙasumbarsa da sandarsa, kada ya tsaya a kwanar matakala, ya shiga da hakinsa. Gari ya ɗauka. Wasu suka ce ciwon ya taɓa maka kai. Wata mata ta tsaya a ƙofar shagonka ta ce mijinta ba almajirin asibiti ba ne da za a tura shi kamar wanda aka tsinto a kwata. Mutanen da ka yi wa hidima shekara da shekaru suka koma sabon shagon da ke kusa da banki, wasu suka yi askinsu a gida, matansu suka goge musu riguna, suka tafi fes. Ba na jin ko mutum biyu sun bi maganarka.

Kai ma ka koma asibitin ka roƙi a sake duba ka. Aka karɓe ka da mutunci, aka ce ana sake dubawa, amma masu neman a sake duba su ma layi gare su, sai wajen damina mai zuwa. Zorka ta ce dariya ka yi ta yi a mota har kuka iso, da kuka sauka kuma sai da ka zauna a bakin hanya ka huta kafin ka iya ƙarasawa gida.

A ƙarshen Janairu aka kira ni ta waya aka ba ni rana a watan Maris. Da Asabar ta zo na shiga shagonka kamar kullum, na rataye hulata, na zauna, na faɗi labarin. Akwai mutum uku a kan benci. Ka ninke tawul ɗin da ka ɗauko ka mayar.

Ka ce, "Daga yau aska ba ta ƙara taɓa ka sai ka dawo daga wurinsu. Tashi."

Na ce, "Wanzami, wasa kake ko tsufa ne?"

"Ka je musu da gemunka da tsohuwar rigar sanyin nan da kake shiga lambu da ita. Ka riƙe sandarka. Kada ka huta a hanya."

"Ni? Ni da na yi shekara talatin ban taɓa tarbar jirgi da maɓalli ɗaya a ɓalle ba?"

"Jirgin ya daina zuwa, Sarkin Tasha."

"Wato so kake in je in yi musu bara."

"So nake ka faɗa musu gaskiya. Bakinka ba zai iya ba, na san shi. To, bar fuskarka ta faɗa."

'Yan benci suka sunkuyar da kai. Na tashi na ɗauki hulata, na ce garin nan ba kai kaɗai ke da aska ba. Na je gida na yi askin da kaina, na yanke a wuri biyu, sa'an nan na sa rigata mai kyau na bi ta ƙofar shagonka a hankali don ka gani. Ka gani kuwa. Kana tsaye bayan gilashi, ba ka ɗaga mini hannu ba, ni ma ban ɗaga ba. Har yau ina ganin bai kamata ka kore ni a gaban mutane ba, kuma da kana nan da na maimaita maka. Ban ƙara jin muryarka ba.

Da ka rasu aka rasa mai yi maka askin ƙarshe, domin mai yi wa mutane ne ya kwanta. Zorka ta ce kada a kira kowa. Ta ce ta yi shekara arba'in tana kallon hannunka, in ba ta koya ba to ba ta da amfani. Ita ta yi maka, ta rufe ƙofa, kuma waɗanda ke kusa sun ce sun ji tana yi maka magana. Ta sa maka kwat ɗin nan mai duhun shuɗi. Ashe ka bar mata wasiyya cewa a binne ka da ita, don kada wani ya zo aro bayan ranka ta ji kunyar hana shi. Na dube ka a cikin akwati, kafaɗu cike, fuska tsaf. Ko a nan ma ba ka yi kama da mara lafiya ba.

Bayan an dawo daga maƙabarta muka zauna cin abincin makoki a zauren coci. An zagaya da dafaffiyar alkama da sukari, kowa ya ɗebi cokali ya yi maka addu'a. Limamin coci yana kan tebur, 'ya'yanka mata biyu da suka taso daga Ostiriya suna gefensa, kusan rabin gari yana wurin, har da waɗanda suka ƙaurace wa shagonka. Sai Zorka ta miƙe tsaye. Ba mace ce mai magana a taro ba, don haka wuri ya yi tsit.

Ta ce, "Kun san Ostoja bai bar ɗa namiji ba, 'yan'uwansa maza kuma duk sun riga shi. Babu namijin da zai ɗaukar masa makoki. Ya ce in gaya wa maƙwabcinmu Miladin, a gaban jama'a, cewa shi ya zaɓa ya tsaya masa a matsayin ɗan'uwa." Ta juyo ta dube ni. "Maƙwabci, ka karɓa?"

Kowa a wurin ya san abin da wannan ke nufi. Namijin da ya ɗauki makoki ba ya kusantar aska sai an yi addu'ar arba'in. Kowa kuma ya san ba a mayar wa mamaci irin wannan roƙo, balle a gaban limami da marayu. Na miƙe na ce na karɓa. Muryata ta fita da ƙyar, mutane suka ɗauka kuka ne, kuma rabinsa kukan ne.

A hanyar gida Kosara tana tafe tana lissafi da yatsu a cikin aljihun rigarta. Ta ce, "Ranar kwamitinka a cikin arba'in ɗin take."

Na ce, "Na sani."

Ta ce, "Ya ɗaure ka, tsoho."

Washegari na koma wurin Zorka na tambaye ta yaushe ka bar wannan saƙo. Ta ce ranar Asabar ɗin da muka yi faɗa, da ka dawo cin abincin rana. Ka ce mata, "Mutumin nan girman kai zai kashe shi. In na mutu kafin watan Maris, ga abin da za ki yi." Ta ce ka daina mugun fata. Ka ce ba fata kake ba, kai ka san abin da kake ji a ƙirjinka. Wannan maganar ita ce ta hana ni sukuni tun ranar. Kana tsaye bayan gilashi kana kallona ina wucewa da haɓa a aske, ashe ka riga ka san ba za ka kai ranata ba, kuma kana neman yadda mutuwarka za ta yi mini amfani.

Yanzu gemun ya fito, fari fat, a hargitse. Na duba madubi na ga mahaifina a shekararsa ta ƙarshe. Idanu sun faɗa, kumatu sun zube, launin fatar kamar tokar murhu. Ashe haka nake, kai ne kake ɓoye mini shi kowace Asabar da tawul da turare. In na bi titi ba mai yi da ni, maza cire hula suke, mata su ce Allah ya ba da haƙuri. Ka samo mini hanyar da zan je gaban likita a yadda nake ba tare da garin nan ya ce Sarkin Tasha ya lalace ba. Ban san wani da ya taɓa yi wa abokinsa irin wannan dabara ba, kuma ina jin haushinta kamar yadda nake gode mata.

Sai dai ban sani ba ko gemu zai isa, Ostoja. Kosara ta ɓoye rigata mai kyau a gidan ƙanwarta. Kullum bayan karin kumallo sai ta zaunar da ni, ta sa tabarau, ta zama likita. Ta ce, "Baba, ya jiki?" Kafin in yi tunani bakina ya ce, "Da sauƙi." Ta ce, "Kana barci?" In ce, "Ba laifi." Sai ta cire tabarau ta ce, "Ni da nake jin ka kana kokawa da numfashi kamar mai nitsewa a ruwa, ni za ka gaya wa ba laifi?" Mu sake daga farko. Jiya na iya cewa ƙirjina yana ɗan nauyi in na yi tafiya, sai na ji kamar na tuɓe a kasuwa. Shekara saba'in ana koya wa harshen nan abu guda, ga shi ana so ya sake cikin 'yan makonni.

Kuma ba ni kaɗai ba ne. A makon nan na tsaya a tashar mota na ga mutum biyu za su tafi kwamiti. Ɗaya ɗan ajinmu ne a makaranta. An aske shi tas, takalmi na sheƙi, matarsa na riƙe masa da sanda tun daga nan. Na matsa na fara gaya masa abin da ka gaya mini. Ya dubi gemuna, ya dafa kafaɗata ya ce, "Allah ya ba ka haƙuri, Miladin, rashin ya taɓa ka." Ya hau mota yana murmushi. A jikin bishiyar da ke gaban shagonka, inda ake manna takardun sanarwar rasuwa, tuni an manna sababbi biyu a gefen taka. An kuma sanar cewa da bazara za a kai irin wannan kwamiti ga masu jiran sauran ayyuka, tunda ya yi nasara a namu. Sanyi bai ƙare ba tukuna, kuma yanzu babu mai hannun da zai gane fuskokin in sun dawo.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Zorka, wadda ta yi shekara tana gyara maka matasai ba ta gaya wa kowa ba sai mace ɗaya. Ina miƙa ta ga 'ya'yanka Radmila da Dragica da jikokinka, da iyalan Vukota da na Tihomir da sauran waɗanda suka sa kwat ɗin nan suka dawo gida da murna. Kada ɗayanku ya riƙe shi a zuci. Abin da muka roƙe shi ya yi mana, abin da iyayenmu suka koya mana, shi kuma ya fi mu duka saurin ganewa.

Allah ya jiƙanka, Ostoja. Allah ya gafarta maka kurakuranka, ya karɓe ka da rahama fiye da yadda ka karɓi duk wanda ya zauna a kujerarka. Allah ya sa kwanciyar nan hutu ce, ka miƙe bayanka ka yi barcin da ka daɗe ba ka yi ba. Allah ya ba iyalinka haƙuri, ya tsaya musu, ya raya abin da ka bari. Allah ya ba likitocin nan ido da lokaci, ya sassauta wa duk wanda ke jira a gida. Ni kuma da zan hau benen nan ba tare da na tsaya a kwana ba, in yarinyar nan ta ɗago kai ta tambaye ni jiki, Allah ya kama harshena, ya ba ni ƙarfin halin da zan ce mata ba ni da lafiya. Amin.